Helma: Tafiyar Wata Kalma Daga Ƙasashen Jamusawa Zuwa Maruta

A yau ba labarin sarakuna ko yaƙe-yaƙe na kawo maka ba, tarihin kalma ɗaya tilo za mu bi, mu ga inda za ta kai mu. Kalmar ita ce "helma", wasu kuma su ce "heluma". A wajenmu Maruta, da sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, idan dattijo ya ce wane ya yi helma, to ana nufin ya taɓa zama shugaban leburori, wato mutumin da yake tsaye a kansu wajen aikin hanya ko gini ko haƙar ma'adinai, shi ke kiran suna da safe, shi ke raba aiki, shi ne kuma tsakaninsu da mai biyan kuɗi. Samarin yanzu da yawa ba su san ta ba, waɗanda suka sani kuwa sun ɗauka Hausa ce gangariya tun kaka da kakanni. To ba haka abin yake ba. Baƙuwa ce, kuma shekarun da ta yi a duniya sun haura dubu.

Asalinta Turanci ne, "headman". Kalma ce harɗaɗɗiya, wato kalmomi biyu aka gwama suka zama ɗaya: "head" mai nufin kai, da "man" mai nufin mutum. Mu ma muna da irin wannan gini, kamar ɗan sanda da gidan waya da jagora, sai dai tsarin jerawar ya bambanta. Bahaushe yakan fara da ainihin abin da yake magana a kai, sannan ya kawo mai bayyana shi, kamar sarkin noma. Bature kuwa sai ya fara da mai bayyanawa, ya ƙare da ainihin abin. Saboda haka "headman" mutum ne, amma mutumin da yake matsayin kai ga sauran jama'a. Bari mu ɗauki ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya.

Kai da mutum a harsunan Jamusawa

Ingilishi ba a Ingila aka haife shi ba. A ƙarni na 5 na Miladiyya ne wasu ƙabilu da ake kira Angul da Sakson da Jut suka tsallaka teku daga yankin da yake arewacin Jamus da ƙasar Danmak a yau, suka sauka a tsibirin Birtaniya da harshensu. Don haka Ingilishi ɗan'uwan Jamusanci ne, da harshen Holan, da na Suwidin da Danmak da Nowe da Ayislan. Masana suna kiran wannan dangi harsunan Jamusawa, kamar yadda suke kiran dangin da Hausa take ciki harsunan Cadi, inda ta haɗu da Bolanci da Ngizim da Bade da Warjanci.

A tsohon Ingilishi na shekaru dubu da suka wuce, ba a cewa "head", sai dai "heafod", gaɓa biyu. Da tafiya ta yi tafiya ta koma "heved", daga nan baƙin tsakiya ya narke, aka wayi gari da gaɓa ɗaya. In kana son ganin yadda kalmar take kafin ta zaizaye, sai ka leƙa gidajen 'yan'uwa. Mutanen Ayislan har gobe suna cewa "höfuð", na Suwidin "huvud", na Danmak "hoved", na Holan "hoofd", Jamusawa kuwa "Haupt". Mafi tsufan sheda ita ce ta harshen Got, wanda ya daɗe da mutuwa. Wani limamin Kirista mai suna Wulfila ya fassara Baibul zuwa wannan harshe a ƙarni na 4, kuma akwai kwafin wani sashe na fassarar da aka rubuta da tawadar azurfa a ƙarni na 6, yana ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Uppsala a Suwidin. A ciki, kai shi ne "haubith". Ka ga ke nan dukkansu sun fara da h, sai baƙin leɓe a tsakiya, sai d ko t ko mai kama da su a ƙarshe. Ingilishi ne kawai da wasu tsirarun 'yan'uwansa suka yar da na tsakiyar.

Wani abin sha'awa shi ne, Bajamushe na yau ba ya kiran kansa na jiki da "Haupt" a maganar yau da kullum. Cewa yake yi "Kopf", kalmar da asalinta ƙoƙo ne ko kofin shan ruwa. Faransawa ma haka suka yi, "tête" ɗinsu daga kalmar Latin take mai nufin kaskon ƙasa. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tunda shi ma yana cewa ƙoƙon kai. "Haupt" kuwa sai ta koma kalmar girma, ana liƙa ta ga duk abin da yake babba a cikin irinsa, kamar "Hauptstadt", babban birnin ƙasa.

Ɓangare na biyu, "man", bai sha wahalar sauyi sosai ba. Got suna cewa "manna", Jamusawa "Mann", Holan da Suwidin "man", tsohon harshen mutanen Sikandinebiya kuwa "maðr". A tsohon Ingilishi ma'anarta ɗan'adam ce, namiji ko mace. Shi ya sa kalmar "woman" ita ma harɗaɗɗiya ce, daga "wifmann", wato mutum mace. Daga baya ne maza suka mallake kalmar.

Yadda harɗaɗɗiyar ta bazu

Gwama kalmomin nan biyu ba sabon abu ba ne. A rubuce-rubucen tsohon Ingilishi, tun kafin Normawa su ci Ingila a 1066, akwai "heafodmann", kuma a lokacin kalma ce mai nauyi, ana kiran manyan ƙasa da shugabannin yaƙi da ita. 'Yan'uwan Ingilishi kowa yana da tasa: Holan "hoofdman", Suwidin "huvudman", Ayislan "höfuðsmaður", Jamus "Hauptmann".

A Jamus ne kalmar ta fi yin sa'a. A can ta zama muƙamin soja, daidai da kyaftin a wajenmu, kuma har yau haka take a rundunar sojan ƙasar. Martin Luther, da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, da ita ya kira hafsan Rumawa mai jagorancin soja ɗari. Ta kuma zama sunan iyali, kamar marubucin wasan kwaikwayo Gerhart Hauptmann wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1912. Akwai ma wani labari da ke nuna irin kwarjinin da muƙamin yake da shi. A ranar 16 ga Oktoba 1906, wani mai ɗinkin takalma da ya sha zaman kurkuku, Wilhelm Voigt, ya saka tsofaffin kayan Hauptmann da ya riga ya saya a wajen 'yan gwanjo, ya tare wasu sojoji a kan titi ya ce su biyo shi. Ba wanda ya tambaye shi takarda. Ya kai su garin Köpenick kusa da Balin, ya sa aka tsare magajin garin, ya kwashe kuɗin baitulmali ya yi gaba. An kama shi daga baya, aka yanke masa shekara huɗu, amma Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya yi masa afuwa a 1908.

Daga Jamusanci kalmar ta tsallaka zuwa harsunan maƙwabta waɗanda ba na dangin ba. A ra'ayin akasarin masana, daga gare ta ne mutanen Cek suka sami "hejtman", mutanen Folan da Yukiren kuma "hetman". A Folan ta dā, hetman shi ne babban kwamandan yaƙi. A Yukiren kuwa shugaban mayaƙan Kosak ne, irin su Bohdan Khmelnytsky da ya jagoranci tawayen 1648. A Jamhuriyar Cek, gwamnonin larduna har yanzu "hejtman" ake kiran su. To ka ji, mai karatu, helman da ke kiran sunan leburori a bakin kwalbati, sunansa ɗaya da gwamna a wata ƙasa, da janar a wata.

A Ingila kuwa akasin haka aka samu. Bayan 1066 Faransanci ya zama harshen fada da shari'a da soja na tsawon ƙarnoni, sai kalmomin Faransa irin su "chief" da "captain" suka karɓe manyan kujeru, ita kuwa 'yar gida aka tura ta baya. Ya zuwa lokacin da Ingilishi suka fara mulkin mallaka a Indiya da Afirka, "headman" ta zama sunan da suke ba shugaban ƙauye ko na ayarin 'yan dako a ƙasashen da suka mallaka. Abin da a dā ake kiran manyan Ingila da shi, ya koma abin da Bature ke kiran na ƙasa da shi.

Dokar Grimm da 'yan'uwan da suka ɓace

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai. Kalmomin da suka kori "headman" daga fada, su ma daga "kai" suka fito, kuma kan guda ne. A harshen Latin, kai shi ne "caput", ana furta harafin farko kamar k. Ta yaya "caput" da "head" za su zama 'yan'uwa alhali ba su yi kama ba? Amsar tana wajen wasu masana biyu, Rasmus Rask ɗan Danmak wanda ya lura da abin a 1818, da Jacob Grimm Bajamushe wanda ya tsara shi a 1822, har ake kiran sa Dokar Grimm. Wannan Grimm ɗin shi ne wanda ya tattara tatsuniyoyin Jamusawa tare da ƙanensa Wilhelm. Abin da suka gano shi ne, tun kafin a fara rubuta harsunan Jamusawa, wasu baƙaƙe sun sauya a bakin kakanninsu a bisa tsari guda. Inda Latin take da k, su suna da h. Inda take da p, suna da f. Ba a kalma ɗaya ba, a ɗaruruwa. Zuciya a Latin "cord-", a Ingilishi "heart". Ƙaho "cornu" da "horn". Ɗari "centum" da "hundred". Kare "canis" da "hound". Uba "pater" da "father". Idan ka ɗora wannan ma'auni a kan "caput", k ta koma h, p ta koma f, sai ga ka a ƙofar "heafod".

Ita "caput" ta haifi 'ya'ya da yawa a harsunan da suka fito daga Latin, kuma abin mamaki, da yawansu sun iso ƙasar Hausa ta bakin Turawan Ingila. Kyaftin daga can take. Cif, kamar a cif joji, daga can take. Kofur ma, ta hanyar kalmar Italiya "caporale" wadda ake dangantawa da "capo", wato kai. Hatta hankicin da kake share gumi da shi: "handkerchief" gutsure uku ne, "hand" ta Jamusawa mai nufin hannu, da tsohon Faransanci "couvrechief" mai nufin rufe kai. Wato ɗankwali ne aka mayar na riƙewa a hannu. Saboda haka helma da hedimasta da hedikwata ta ɓangaren Jamusawa, kyaftin da cif da kofur da hankici ta ɓangaren Latin, duk jikokin kalma ɗaya ne da suka rabu shekaru dubbai, suka sake haɗuwa a bakin Bahaushe ba tare da sun san juna ba.

Yadda ta shigo ƙasar Hausa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram a lokacin suna ƙarƙashin masarautar Kano ne, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. A takardun mulkinsu, hakimi shi ne "district head", dagaci kuma "village head". Amma ka lura, Bahaushe bai ari ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hakimi ya ci gaba da zama hakimi, dagaci dagaci, mai unguwa mai unguwa, domin sarautu ne da muke da su da sunayensu. Haka nan sana'o'in gargajiya suna da shugabanninsu, sarkin maƙera da sarkin pawa da sarkin magina, fatake kuma suna da madugu.

Inda kalmar ta sami ƙofa shi ne wani irin aiki da ba a saba da shi ba, wato aikin lada a ƙarƙashin Bature, da rajistar suna da awannin aiki da biya a ƙarshen mako. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, an shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Bukuru wanda aka gama a 1914, kamfanonin kuza sun cika Jos da kewayenta, ga kuma aikin hanyoyin mota da ya biyo baya. Duk waɗannan sun ci dubban leburori, kuma Baturen da ke kula da su ba ya jin harshensu sosai. Dole a sami wani a tsakiya, wanda zai tara mutane, ya kai su wurin aiki, ya tsawata musu. Wannan shi ne "headman". Bill Freund, a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza na Nijeriya, ya nuna yadda kamfanonin suka dogara da irin waɗannan mutane wajen samo leburori da riƙe su. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, gwamnatin mallaka ta ɗora aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza, da yawa kuma suka mutu a can saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. A irin waɗannan wurare ne kalmar ta zauna a bakin mutane, tare da 'yan rakiyarta irin su lebura da birkila da kafinta da masinja. Ba ta aji ta shigo ba, kuma ba a kan allo aka fara ganin ta ba. Da kunne aka ɗauko ta, masu cin rani da suka dawo gida suka kawo ta ƙauyukanmu.

Me ya sa ta koma helma?

Kamar yadda harsunan Jamusawa suke da Dokar Grimm, Hausa ma tana da tata, kuma wani Bajamushe ne ya bayyana ta, August Klingenheben, a ƙarshen shekarun 1920. Ya nuna cewa Hausa ba ta son wasu baƙaƙe su rufe gaɓa, sai ta sauya su. Shi ya sa muke cewa talaka amma talauci, fatake amma farke, huɗu amma hurhuɗu, kada amma kar. Baƙaƙen t da d da ɗ in sun zo ƙarshen gaɓa sai su koma r. Ita kuma r ɗin nan takan yi musaya da l daga kari zuwa kari, kamar farke da falke, harshe da halshe.

To Bahaushe ya ji "hed-man", ga d ta tokare ƙarshen gaɓa. Hanya biyu gare shi. Ko dai ya cusa wasali ya buɗe gaɓar, kamar yadda ya yi a hedimasta da hedikwata, ko kuma ya sauya baƙin, kamar yadda ya yi a helkwata da helma. Masu cewa heluma sun haɗa dabarun biyu ke nan. Saura n ta ƙarshe. Sunayen Hausa galibinsu da wasali suke ƙarewa, kuma n a ƙarshen suna tana yi wa kunnenmu kama da ta mallaka, irin ta gidan Audu. Don haka aka cire ta, sai in an zo cewa helman leburori ta dawo. Abin da ya faru ke nan da tasha daga "station", da kanti daga "canteen", da inji da fansho da kamasho. Ashe abin da wasu ke ɗauka kuskuren jahilai ne wajen furta Turanci, ƙa'idar harshe ce take aikinta, irin wadda ta mayar da "heafod" ta zama "head" a bakin Turawan kansu.

Abin lura

Dalili biyu suka sa na ga ya dace a bi diddigin wannan kalma. Na farko, akwai masu jin kunyar kalmomin aro, suna ganin sun gurɓata Hausa. Ina ganin da za su duba Ingilishi da kyau, da hankalinsu ya kwanta, domin fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamusunsa daga Faransanci da Latin da Girkanci aka aro su. Kuma kalmar aro takan riƙe tarihin da ba a rubuta ba. Sunayen leburorin da suka haƙa kuza da waɗanda suka fasa duwatsun hanya ba su shiga littafi ba, amma helma da lebura suna nan suna ba da shedar irin zaman da aka yi da wanda ya yi mulki.

Na biyu, akwai masu ɗaukar duk kalmomi biyu da suka yi kama su ce ɗaya ta haifi ɗaya, har ka ji ana cewa Turanci daga Hausa ya samo asali, wai don "man" ta yi kama da mutum. Nazarin asalin kalma ba a yin sa da kamannin sauti kawai. "Caput" da "head" ba su yi kama ba amma 'yan'uwa ne, domin akwai doka da ke haɗa su, wadda ta yi aiki a ɗaruruwan kalmomi. "Man" da mutum sun ɗan yi kama, amma babu wata doka ko hanyar tarihi da ta haɗa su. Duk wanda zai ce kalma kaza daga wuri kaza take, sai ya nuna tsofaffin siffofinta, da ƙa'idar da ta sauya ta, da kuma lokaci da wurin da masu harsunan biyu suka haɗu.

Kirana ga ɗalibanmu na Hausa, musamman 'yan wannan yanki namu na Gwaram da Birnin Kudu, shi ne su zauna da dattawan da suka yi aikin hanya da na kuza da na soja tun suna raye, su rubuta kalmomin aikin da suke amfani da su da yadda suke furta su. Akwai irin su ankwa da samanja da sisi da kwabo, kowacce da doguwar tafiyar da ta yi kafin ta iso mu. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya jiƙan magabatanmu.